Zafi Daban, Gumi Daban

Idan Bahaushe ya ce wa maƙwabcinsa "Yaya sanyi?", ba labari yake nema ba. Unguwa ɗaya suka kwana, hunturun da ya busa wa wannan shi ya busa wa wancan. Abin da yake son ji shi ne yadda jikin ɗan'uwansa ya kwana da abin. Shi ya sa amsar ma ba ta kwatanta sararin sama. Sai a ce "Da sauƙi," ko "Lokacinsa ne," ko kuwa in ruwa aka tambaya, "Ya yi gyara." Ko da ruwan ya kayar da katanga, sai an fara cewa ya yi gyara kafin a kawo zancen katangar.

An gina wannan gaisuwa ne a ƙasar da shekararta ke da gaɓoɓi a fili. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, damina takan kankama wajen Yuni ta ɗauke wajen Oktoba, marka na tsakiyarta. Kaka ta biyo, sai hunturu da ɗarinsa da hazonsa, sai bazara ta zo ta gasa gari kafin ruwan farko. Tsofaffin manoma har suna da sunan ɗan tsakanin nan na ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya ja baya, ƙasa tana jiƙe, rana kuma ta dawo da ƙarfinta: agazari. Kowane lokaci da tambayarsa, kuma tunda kowanne mai wucewa ne, mai cewa "lokacinsa ne" gaskiya ya faɗa, ya kuma lallashi mai tambaya da ita.

A cikin waɗannan tambayoyi akwai guda biyu da baƙo zai ɗauka ɗaya ne, alhali ba ɗaya ba ne. Akwai "Yaya zafi?" akwai kuma "Yaya gumi?" Zafi na rana ne. Shi ne na Sakkwato a watan Afrilu, rana ta ƙwalle, ma'auni ya haura digiri 40, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, amma da mutum ya shiga inuwar darbejiya ya kurɓi ruwan randa sai ya ji dama-dama. Gumi kuwa ba ruwansa da inuwa. Iska ta ɗauke, ko ganye ba ya motsi, jiki yana ta tsattsafo da ruwa, ruwan kuma ya ƙi bushewa. Hausa ta ba ruwan jikin da yanayin da ke fito da shi suna guda: mutum ya ce "ina gumi," gari kuma a ce "ana gumi." Wasu zufa suke cewa, Sakkwatawa su ce jiɓi. A Arewa gumi yakan zo da alkawari a hannunsa. Dattijo ya share goshi da bakin rawani, ya dubi gabas ya ce, "Wannan gumin na ruwa ne." Sau da yawa kafin asuba hadari ya haɗo, ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi.

Da wannan gaisuwa fatake suka gangaro kudu. Hanyar goro ta kai su Salaga a ƙasar Gwanja, kuma da yaƙin basasa ya watsa kasuwar garin a 1892, da yawa suka nufi Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. Kafin nan ma akwai sojojin Hausa da Turawan Ingila suka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, waɗanda wasunsu suka zauna. Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya zo daga Katsina, shi ya kafa Sabon Zango a Akra a farkon ƙarni na 20. Unguwar Nima ta biyo baya: a 1931 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami filin daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika ta batse da tsofaffin sojoji da masu neman aiki daga arewacin Gana da Togo da Nijar da Mali da Najeriya da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Yawancinsu ba Hausawa ba ne, amma Hausa ce ta haɗa bakinsu, ita ake yi a kasuwa da masallaci da bakin famfo har gobe.

Sai dai garin da harshen ya sauka ba ya bin lissafin Kano. Akra, wadda dattawan zango, wato unguwannin baƙi irin su Nima, ke kira Ankara, damina biyu gare ta: babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. A watan Agusta, lokacin da Kano ke tsakiyar marka, ruwa ya ɗauke a Akra, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi, saboda ruwan ƙarƙashin teku mai sanyi yana tasowa sama a gaɓar. Lokacin ne masunta ke samun kifi da yawa, lokacin ne kuma Ga ke bikin Homowo. Hunturu yakan leƙo daga Disamba zuwa Fabrairu, amma kafin ya iso bakin teku ƙarfinsa ya ragu ƙwarai.

Wani abin da zai ba Bakano mamaki shi ne ruwan da ke sauka a Akra bai fi na garinsu ba. Wajen milimita 800 ne a matsakaicin shekara, alhali Axim da ke yammacin gaɓar tana samun fiye da 2,000. Ma'aunin zafi ma da wuya ya kai inda na Kano ke kaiwa a bazara. Bambancin yana cikin iska. Teku na kwance 'yan kilomitoci kaɗan daga Nima, iskar kudu maso yamma tana kwaso tururinsa dare da rana. Laimar iska takan tsaya wajen kashi 65 cikin ɗari da tsakar rana, da dare kuma ta haura 90. A Kano kuwa, a tsakiyar hunturu, takan faɗi ƙasa da kashi 20.

Duk wadda ta taɓa ajiye randa ta san yadda abin yake aiki, ko da ba ta shiga aji ba. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta kwashe shi, wajen kwashewar ta tafi da zafin da ke ciki. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya ɗora tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya karɓi lambar yabo ta Rolex a 2000. Tukunyar tasa tana aiki sosai a busasshiyar ƙasa, amma a bakin teku sanyinta kaɗan ne, don iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta da wurin ɗaukar wani. Jikin ɗan Adam ma haka Allah ya tsara shi. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe. In ya tsaya a fata yana ɗiga, mutum ya yi asarar ruwa da gishiri, zafin kuma yana nan a ciki. Wannan ne ya sa digiri 32 na Maamobi, maƙwabciyar Nima, kan kayar da wanda ya jure 39 a Zariya.

A shiga wani gidan haya a Nima wajen ƙarfe goma na dare a watan Maris. Lungun da ya kai mutum ƙofar bai fi faɗin kafaɗa biyu ba. Ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, kowanne da rufin kwano da taga ɗaya, tagar kuma bangon maƙwabci take kallo. Kwanon ya yini yana shan rana, bulon siminti ya riƙe zafin yana sakinsa a hankali. Fanka tana juyawa, iskar da take kaɗowa mai ɗumi ce. Uwa ta yi wa jariri wanka karo na biyu, ta barbaɗa masa hoda a wuya da bayansa inda ƙuraje suka feso. Wankin da aka shanya tun hantsi har yanzu da danshi. Gishiri ya dunƙule a gwangwani, takalmin fata da aka ajiye don Sallah ya yi funfuna, makullin ƙofa ya yi tsatsa. Maza sun fito da tabarmi bakin titi, samari suna majalisar shayin ataya, ba mai niyyar shiga ɗaki kafin ɗaya na dare. Waɗanda suka ga shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar da ya addabi Gana daga 2012 zuwa 2016, suna tuna yadda unguwa ɗungurungum kan koma waje da zarar fanka ta tsaya.

A irin wannan daren, in mai wucewa ya ce wa dattijuwar da ke zaune a bakin ƙofa tana fifita da kwali, "Mma, yaya gumi?", ta ce "Lokacinsa ne, ɗan nan," ba ƙarya ta yi ba, amma amsar ta yi nauyin da ba ta da shi a Katsina. Lokacin nasa a nan yana cin mafi yawan shekara. Alkawarin ruwan ma ba kullum yake faranta rai ba. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi tana zuba ne a rafin Odaw, kuma duk mazaunin Akra ya san abin da ya faru daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Wanda ɗakinsa ke bakin kwata, in ya ce "ruwa ya yi gyara," imani ne yake magana, idonsa kuwa na kan matakalar ƙofa.

Ba kuma a ce Hausawa sun zo gaɓar teku ba su san laima ba. Fataken goro sun san ta fiye da kowa, don dukiyarsu a kanta ta rataya. Goro ɗan kurmi ne, busasshiyar iska na taɓa shi ya yanƙwane. Sai a naɗe shi cikin ganye a ɗaure huhu, a yi ta kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace, wata da watanni har a kai Kano. Abin da jikan falke ke kuka da shi yau a Nima, kakansa da kuɗi da wahala ya riƙa ɗaukarsa zuwa Arewa a bayan jaki. Kalmomin suna nan a harshen tun tuni: laima, danshi, raɓa, gumi. Maƙwabta ma suna da nasu. Mai jin Twi yana raba zafin rana da ahuhuro, wanda shi ne cunkushewar da ke sa jiki zufa, Ga kuma suna kiran hunturu aharabata, sunan da suka ba watan Janairu. Ita kuwa kalmar zafi ta shiga bakin dukan Gana ta ƙofar kicin, domin ko wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba ya san tuo zaafi.

Daga zango hanya ta ƙara miƙewa. Tun shekarun 1980 'yan Gana ke tafiya Italiya, yau kuma akwai kimanin 50,000 a can da takardunsu, cikinsu har da 'ya'yan Nima da Maamobi da zangunan Kumasi. Da yawa suna arewacin ƙasar, a masana'antun Brescia, da kamfanonin tayil da na nama a yankin Modena, da majemun fata na kusa da Vicenza. Wasu suna kudu, a gonakin tumatir na Foggia da kewayen Castel Volturno. Uwa a Maamobi in ta kira ɗanta ta WhatsApp, bayan lafiya da aiki, tambayarta ta uku kusan kullum ita ce "Yaya sanyi?", don a saninta Turai ƙasar ƙanƙara ce. In watan Yuli ne, yaron yakan yi dariya ya ce, "Mma, ai gumi muke sha, kamar muna gida."

Gaskiyarsa. Kwarin kogin Po, inda Milan da Brescia da Modena suke, duwatsu sun kewaye shi arewa da kudu, iska ba ta samun hanyar ratsawa, ga koguna da gonakin shinkafa suna ta fitar da tururi. Da sanyi hazo mai laima ya rufe shi, da zafi kuma ya zama tukunya a rufe. Mutanen wurin suna da kalma gajeriya da suke kiran wannan hali da ita: afa. Mai koyon Italiyanci a aji ana fara koya masa "Che tempo fa?", wato yaya gari, da "Fa caldo," ana zafi. In yana son tambayar laima littafi zai ba shi umido da umidità, kuma ba laifi, za a gane shi in ya ce "È umido?" Amma a tashar bas da layin burodi abin da zai ji shi ne "Che afa!", wani ya amsa da "Non si respira," ba a iya numfashi. Ba tambaya ba ce mai neman bayani, kuka ne da ake tayawa. Ɗan zango ba ya buƙatar malami ya fassara masa wannan. Afa ita ce gumi, kuma tsohuwar da ta juyo ta faɗa masa ita a bas ta gaishe shi ne irin gaisuwar gida, ta sa shi cikin waɗanda abin ya dama.

Har hamadar ma ɗaya ce. Sahara ce ke turo hunturu kudu, ya iso Kano a bushe ya fasa leɓe da dunduniya. Ita ce kuma ke tura wata iska arewa, wadda mutanen Libiya ke kira gibli. Tana barin gaɓar Afirka a bushe, ta sha ruwa a kan Bahar Rum, ta isa Italiya da nauyi da ɗumi, wani lokaci da jar ƙura a kan motoci. A can sunanta scirocco.

Abin da ya cancanci a duba a wajen Italiyawa shi ne yadda suka ɗauki kalmar bakin titi suka sa ta aiki. Bayan zafin 2003 da ya hallaka dubban tsofaffi a Turai, ma'aikatar lafiyar Italiya ta shiga fitar da sanarwar kullum a lokacin zafi, wadda a yau ta shafi birane 27, kowane birni da launinsa, ja shi ne mafi haɗari. Lissafin ba digiri kaɗai yake dubawa ba, yana haɗawa da laima, kuma masu karanta hasashen yanayi a talabijin suna faɗin afa kamar yadda kowa ke faɗinta, suna ambaton zafin da jiki ke ji daban da wanda ma'auni ya nuna. Wannan bai kare kowa da kowa ba. A Yuni 2021 wani matashi ɗan Mali ya faɗi ya rasu a hanyarsa ta komawa daga gona a yankin Brindisi, sai bayan haka gwamnatin Puglia, inda Brindisi take, ta hana aikin gona daga 12:30 zuwa 4:00 na yamma a ranakun haɗari. Bahaushe yana cewa mutum ya ci guminsa, yana kuma cewa an ci gumin wani, kuma a gonakin tumatir na kudancin Italiya duka biyun suna faruwa. Amma dai an kai ga hukuma ta yarda cewa iska mai laima tana kisa, ta kuma faɗa da harshen da talaka ke ji.

Gaɓar Afirka ta Yamma ta ga nata a Fabrairu 2024. A wannan wata zafi mai laima ya rufe kudancin yankin tun daga Najeriya har Saliyo, a lokacin da aka saba hunturu bai gama janyewa ba. Masu binciken World Weather Attribution sun lissafa cewa zafin da jiki ke ji, in an haɗa da laima, ya kai kimanin digiri 50, kuma sauyin yanayi ya ƙara masa wajen digiri 4. A gasar kofin Afirka da ake yi a Kodebuwa a lokacin, sai da aka riƙa tsayar da wasa don 'yan ƙwallo su sha ruwa. Wata guda bayan haka azumi ya kama. Mai dako a kasuwar Nima da mai tuya ƙosai a bakin titi da yaron motar haya ta trotro sun yi shi ba wanda ya busa musu usur.

A nan ne maganar kalma ta daina zama ta masu sha'awar harshe kawai. Hausar rediyo da ta jarida, a Najeriya da Nijar da Gana, ta saba tattara komai ta kira shi "tsananin zafi" ko "zafin rana," sannan ta kawo digiri. Wanda ya ji an ce zafin rana, maganin da zai zo masa shi ne inuwa. Zai shiga ɗaki ya rufe ƙofa yana ganin ya tsira, alhali a Nima ɗakin ne wurin haɗarin, kuma da dare ne tsoho mai hawan jini da jariri da mai ciki suka fi galabaita. Wanda aka ce masa "za a yi gumi mai tsanani" kuwa ya san sauran bayanin da kansa, don jiki magayi: a nemi inda iska ke ratsawa, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, a watsa ruwa a jiki, a rage aikin ƙarfi, a leƙa ɗakin tsohuwa kafin a kwanta. Ba sai an ƙirƙiro wata doguwar fassara ba. "Laimar iska" ta isa ga mai bayanin kimiyya, gumi kuma ya isa ga kowa.

Gidan rediyon gwamnatin Gana ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, akwai kuma tashoshi masu zaman kansu da zango ke saurare safe da yamma. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar tana fitar da bayaninta kullum, adadin laima na cikinsa. Abin da ya rage ƙarami ne. Masu gabatar da shirye-shirye su riƙa raba zafi da gumi in suna karanta hasashen gobe, su faɗi na dare kamar yadda suke faɗin na rana. Limaman Nima da Maamobi da Sabon Zango su ƙara jumla biyu a sanarwar bayan sallar Juma'a daga Fabrairu zuwa Afrilu. Masu gidajen haya da ke ƙara ɗaki a kan ɗaki su bar taga ta biyu. Kai kuma mai karatu, in ka tambayi tsohuwar gidanku "Yaya gumi?" ta ce maka lokacinsa ne, kada ka wuce: shiga ɗakin nata ka ji da jikinka, in ya yi yawa ka fito mata da tabarma waje ka kawo mata ruwa.